Gwajin PSA: Abin da Lambar ke Faɗa, da Abin da Ba Ta Faɗa



An saba a irin wannan zama mu tattauna batun albashi da ƙarin girma da fansho, kuma ba laifi, domin su ne suka tara mu. Yau an ba mu dama mu ɗan karkata zuwa ga wanda zai ci albashin da fanshon, wato jikin malamin kansa. A shekarar 2022 aka sa hannu a dokar tarayya da ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki. Ƙungiyarmu ta daɗe tana neman haka. Sai dai shekarun da aka ƙara ɗin su ne daidai lokacin da wata cuta ta maza take yawan yin sallama, wato ciwon dajin da rediyo ke kira sankarar mafitsara. A Najeriya babu ciwon dajin da ya fi shi kama maza. Ƙiyasin cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2020 kaɗai an sami sababbin masu ɗauke da shi fiye da 15,000 a ƙasar nan, kuma fiye da 8,000 sun rasu a dalilinsa.

Akwai wani gwajin jini da ake yi domin wannan cuta, sunansa PSA. Wasunmu sun ji sunan a bakin likita, wasu sun ga haruffan uku a takardar gwajin mahaifinsu ko yayansu, da wata lamba a gefe. A kan wannan lambar za mu yi magana. Mu ba likitoci ba ne, kuma jawabin nan ba zai maye gurbin ganin likita ba. Amma karanta lamba da fassara ta sana'armu ce, kuma ya kamata a ce malami ya fi kowa sanin cewa maki ɗaya ba ya bayyana yaro gaba ɗaya.

Bari mu fara gyara suna, kamar yadda muke yi a aji. Mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa a ciki. Tana da nata ciwon dajin daban, wanda a ƙasashenmu yake da alaƙa da tsargiya, cutar nan ta fitsarin jini da yara ke ɗaukowa a tafki da kududdufi. Gaɓar da muke magana a kai wata ce dabam. Tana ƙarƙashin mafitsara, girmanta a jikin saurayi kamar na goro ne, ta kewaye bututun da fitsari ke bi ya fita, kuma maza kaɗai ke da ita. Likitoci suna ce mata furosteti, mu ma haka za mu kira ta. Aikinta shi ne samar da wani kaso na ruwan maniyyi.

A cikin ruwan da take samarwa akwai wani sinadari, shi ne PSA, kuma ba maraya ba ne, yana da dangi. Sunan dangin kalikirin. A shekarar 1930 wasu masana uku a Jamus, Kraut da Frey da Werle, suka raɗa wannan suna ga wani sinadari mai saukar da bugun jini, wanda suka tarar da yawa a cikin fankiriyas, gaɓar nan da ke bayan tumbi mai samar da insulin. Daga sunan gaɓar a harshen Girkanci suka ciro kalmar. An daɗe ana zaton 'yan gidan uku ne kacal a jikin ɗan Adam. Sai wajen shekarar 2000 bincike ya tabbatar da cewa su 15 ne, kuma ƙwayoyin gadon da ke samar da su suna jere kusa da juna a kan kuromozom na 19, kamar ɗakunan gida ɗaya. Daga cikin waɗanda suka yi fice a wannan bincike akwai Farfesa Eleftherios Diamandis na Toronto a ƙasar Kanada.

Sana'ar gidan guda ce: yanka. Kowanensu almakashi ne da ke datse furotin a wani wuri na musamman. Na ɗaya yana da hannu a daidaita gudun jini. Na huɗu yana taimakawa wajen ƙarfafa farin ɓawon haƙori lokacin da yake fitowa. Na biyar da na bakwai suna tsinka abin da ya riƙe matacciyar fata domin ta saɓule a hankali ba tare da mun sani ba. Na uku shi ne PSA. Maniyyi idan ya fita yakan yi kauri, ya daskare na ɗan lokaci, sai PSA ya yayyanka furotin ɗin da ya daskarar da shi, ya tsinke, ƙwayoyin haihuwa su sami damar tafiya. Ke nan PSA ba guba ba ne, ba kuma ciwon daji ne ya ƙirƙiro shi ba. Kowane namiji lafiyayye yana da shi, kuma yana cikin abubuwan da haihuwa ke buƙata.

To, me ya kai shi jini? A nan ne fahimtar gwajin take. Mazauninsa na asali cikin ƙananan hanyoyin furosteti ne da cikin maniyyi, inda yawansa ya ninka wanda ke cikin jini kusan sau miliyan. Tsakanin waɗannan hanyoyi da jijiyoyin jini akwai shinge siriri. Muddin shingen yana nan lafiya, ɗan kaɗan ne ke tsallakawa. Idan wani abu ya taɓa shingen, sai ya yi yoyo, adadin da ke cikin jini ya hau. Ku ɗauka manomi ne ya fito da safe ya ga dawa a zube a gindin rumbunsa. Ya tabbata akwai kafa a jikin rumbun. Amma dawar da ke ƙasa ba za ta gaya masa ko ɓera ne, ko gara ce, ko ruwan sama ne ya zaizaye gindin, ko kuwa ɓarawo ne ya huda ba. Dole ya zagaya ya duba. Gwajin PSA ganin dawar nan ne a ƙasa, ba kama ɓarawon ba ne.

Tarihin gwajin ba mai nisa ba ne, yawancinmu mun girme shi. A shekarar 1979 ayarin Dakta Ming Chu a cibiyar Roswell Park da ke Buffalo a Amurka suka tace sinadarin daga naman furosteti. A 1986 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa amfani da gwajin domin bibiyar waɗanda aka riga aka san suna da cutar. A 1991 Dakta William Catalona ya buga binciken da ya nuna ana iya amfani da shi wajen gano cutar a jikin waɗanda ba su da wata alama, kuma a 1994 hukumar ta amince da hakan ga maza daga shekara 50, tare da duba na hannu da likita ke yi. Mu lura da wannan jerin: an fara amincewa da shi a matsayin mai bibiya kafin a ɗora masa aikin mai farauta, kuma har gobe a aikin farko ya fi ƙwarewa.

Ana auna shi da nanogiram a cikin kowace mililita ta jini. Nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Lambar da aka saba kafawa a matsayin iyaka ita ce 4, kuma ita za ku gani a yawancin takardun gwaji. Mu malamai mun san yadda ake kafa makin cin jarrabawa: an ce 40, amma babu wanda zai rantse cewa mai 39 daƙiƙi ne, mai 41 kuma haziƙi. Haka 4 ɗin nan take. Daga cikin mazan da lambarsu ta faɗa tsakanin 4 da 10, kusan ɗaya cikin huɗu ne ake samu da ciwon daji idan an ɗebi tsoka an duba. Sauran ukun ba su da shi. A ɗaya ɓangaren kuma, wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya gano cewa kusan kashi 15 cikin ɗari na mazan da lambarsu ba ta wuce 4 ba suna ɗauke da cutar, ko da yake akasarinsu irin mai tafiyar hawainiya ce. Saboda haka 5 ba hukuncin kisa ba ce, 3 kuma ba takardar sallama ba ce. Amma kada wannan ya sa a raina lambar: idan ta wuce 10 zargin yana ƙaruwa sosai, idan kuwa ta kai ɗaruruwa, da wuya a ce ba cutar ba ce, kuma sau da yawa ta riga ta bazu.

Abubuwan da ke ɗaga lambar ba tare da ciwon daji ba suna da dama, kuma babbansu shi ne kumburin furosteti na tsufa. Kusan rabin maza suna da shi idan sun kai shekara 60. Shi ne ke matse bututun fitsari, mutum ya riƙa tashi sau uku ko huɗu cikin dare, ya tsuguna ya daɗe kafin fitsarin ya zo, ya fito siriri, ya gama kuma ya ji kamar da saura, ko ya miƙe ya ji ɗigo a wando har ya shiga kokwanton tsarkinsa. Wannan kumburi ba ciwon daji ba ne, ba kuma ya rikiɗa ya zama shi. Sarkin Ingila Charles ya fito fili a farkon 2024 ya ce an yi masa aiki a kan irinsa. Bayan kumburin akwai ƙwayoyin cuta a hanyar fitsari ko a cikin furosteti ɗin, akwai sa robar fitsari, akwai toshewar fitsari, har saduwar iyali tana iya ɗaga lambar kaɗan na kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa ake ba da shawara a ƙaurace wa iyali na awa 48 kafin a ba da jini, wanda kuma ya yi fama da ciwon hanyar fitsari ya jira kamar mako shida bayan ya warke. Akwai kuma abin da ke danne lambar. Magungunan kumburin furosteti irin su finasteride da dutasteride suna rage ta da kusan rabi bayan wasu watanni. Wanda yake shan su ya ga 3 a takardarsa, lambarsa ta gaskiya ta kusa 6. Wajibi ne ya gaya wa likita abin da yake sha.

Ga wani abu da muke roƙon kowa ya riƙe. Kumburin tsufa yana tasowa ne daga tsakiyar gaɓar, kusa da bututu, shi ya sa yake saurin bayyana kansa. Ciwon daji kuwa galibi daga gefen waje yake farawa, nesa da bututun, don haka yakan yi shekaru ba tare da ya taɓa fitsari ba. Mai hayaniyar shi ne marar haɗari sosai, mai shirun shi ne abin tsoro. Sau da yawa alamar farko da mutum zai ji ita ce ciwon baya ko na ƙugu da ya ƙi jin magani, ko rama, ko nauyin ƙafafu, kuma wannan yana nufin cutar ta riga ta isa ƙashi. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wannan ɗakin dai, mai shi ba ya sani sai an duba masa.

Wanda ya bi labarin gwajin nan a intanet zai tarar ana jayayya a kansa, kuma bai kamata mu ɓoye wannan ba. A 2009 aka buga sakamakon manyan bincike biyu. Na Amurka, mai maza kusan 76,000, bai ga bambanci a yawan mace-mace tsakanin waɗanda aka riƙa gwadawa da sauran ba, ko da yake daga baya an lura cewa da yawa daga cikin sauran ma sun je sun yi gwajin da kansu. Na Turai, mai maza fiye da 160,000, ya ga raguwar mutuwa daga cutar da kusan kashi 20 cikin ɗari. Amma da tsada: bayan shekara 16 ana bibiya, lissafin ya nuna sai an gayyaci maza 570 gwaji, an gano cutar a jikin 18, kafin a hana mutuwar mutum ɗaya. Da yawa daga cikin sauran suna ɗauke ne da irin da ba za ta taɓa kashe su ba, amma an yi musu tiyata ko gashi, wasu suka koma ba sa iya riƙe fitsari, wasu suka rasa ƙarfin kusantar iyali. Wannan ne ya sa kwamitin ba da shawara kan rigakafi na Amurka ya ce a 2012 a daina gwajin gama-gari, sannan a 2018 ya sassauta, ya ce mai shekara 55 zuwa 69 ya yanke wa kansa shawara bayan ya tattauna da likita.

Ra'ayinmu a nan shi ne, wannan gardamar ta masu ƙoshi ce. Su matsalarsu ita ce sun gano da yawa, sun gano da wuri, har sun yi wa waɗanda ba sa buƙata magani. Mu tamu matsalar akasin haka ce. Likitocin manyan asibitocinmu sun daɗe suna kuka cewa mafi yawan masu cutar nan ba sa zuwa sai ta yi nisa. Dubi lissafin da muka kawo a farko: 15,000 sun kamu, 8,000 sun rasu a shekara guda. A ƙasashen da ake gano ta da wuri tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu ta fi haka faɗi nesa ba kusa ba. Ƙari a kan haka, baƙar fata ya fi sauran jinsuna haɗarin kamuwa. A Birtaniya ƙiyasin da ake amfani da shi shi ne, namiji ɗaya cikin takwas zai kamu a tsawon rayuwarsa, amma a cikin baƙaƙe ɗaya ne cikin huɗu, shi ya sa ake ba su shawarar fara maganar gwaji tun daga shekara 45. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi cutar, haɗarinsa ya kai ninki biyu. Gidan da sankarar mama ta yi yawa a cikin matansa ma, ya kamata mazansa su faɗa wa likita, domin akwai ƙwayar gadon da ke haɗa cututtukan biyu.

Duk da haka, darasin can yana da amfani a gare mu ta fuska ɗaya: ya koya mana kada mu firgita. Wani bincike a Birtaniya ya bi maza fiye da 1,600 da aka gano cutar a jikinsu tun ba ta fita daga furosteti ba. An raba su uku, wasu tiyata, wasu gashi, wasu sa ido kawai da gwaji a kai a kai. Bayan shekara 15, kusan 97 cikin ɗari ba cutar ta kashe su ba, kowace hanya aka bi da su. Nelson Mandela an gano tasa a 2001, aka yi masa gashi, ya rayu har 2013. Desmond Tutu an gano tasa a 1997, ya kai 2021. Farfesa Wole Soyinka ya fito a 2014 ya bayyana wa duniya cewa ya yi jinyarta. Abin da ya raba waɗannan da dattawanmu da ake dawowa da su gida a kwance a bayan mota ba wai jinsi ba ne, lokacin da aka gano cutar ne da kuma samun magani.

Idan lamba ta fito da tsawo, matakin farko shi ne a kai takardar ga likita, ba mai shagon magani ba, ba kuma mai lasifikar kasuwa da ke sayar da kwalba ɗaya domin basir da sanyi da ƙarfin maza ba. Sau da yawa likita zai ce a sake gwajin bayan wasu makonni. Zai kuma buƙaci duba gaɓar da yatsa ta dubura, da safar hannu, abin da bai wuce minti guda ba. Mun san nan ne maza da yawa ke tsayawa, kuma mun fahimci dalilin, kunya ado ce a wurinmu. Amma matanmu suna jure abin da ya fi wannan a ɗakin awo da ɗakin haihuwa, kuma mu ne muke kai su. Bayan haka ana iya ɗaukar hoto, idan zargi ya yi ƙarfi a ɗebi 'yar tsoka da allura a duba ta a madubin ɗakin gwaji. Wannan dubawar ce kaɗai ke tabbatar da ciwon daji, ita ce kuma ke nuna ko mai zafi ne ko mai sanyi.

Dangin kalikirin suna ƙara taimakawa a wannan mataki. PSA a cikin jini kashi biyu ne: wanda ke manne da wani furotin, da wanda ke yawo a sake. An lura cewa mai kumburin tsufa yakan fi samun na saken, mai ciwon daji kuma nasa na saken yakan yi ƙasa. Don haka idan lamba ta tsaya tsakanin 4 da 10, likita yana iya neman a auna kason na saken domin ya rage shakka. A ƙasashen waje har akwai gwajin da ke haɗa nau'i uku na PSA da ɗan'uwansa kalikirin na biyu, wanda shi ma furosteti ke samarwa, domin a rage yawan waɗanda ake tsira wa allura a banza.

Ga wanda aka tabbatar yana da cutar, a nan ne lambar take zama abokiyar tafiya. Idan an cire furosteti da tiyata, masana'antar PSA ta rufe, don haka cikin 'yan makonni ya kamata lambar ta faɗi kusan sifiri, kuma idan ta fara hawa daga baya, ita ce za ta fara tona dawowar cutar, watanni ko shekaru kafin mutum ya ji komai. Idan kuwa cutar ta bazu, akwai maganin da ke danne sinadarin mazakuta da take ci, ta hanyar allura ko ƙaramar tiyata. Dakta Charles Huggins ne ya gano wannan hanya a 1941, har ta kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1966. Ba ta kawar da cutar, amma tana kwantar da ita, ciwon ƙashi ya lafa, mutum ya koma harkokinsa, kuma lambar ce ke nuna ko maganin yana aiki. Saboda haka a adana kowace takardar gwaji da kwanan watanta, kamar yadda muke adana rajistar aji. Lamba ɗaya tilo ba ta kai jerin lambobi na shekara uku bayani ba.

'Yan'uwanmu mata za su ce ina nasu rabon. Masana sun binciki wasu 'yan gidan, musamman na shida da na goma da na sha ɗaya, domin an ga suna hawa a jinin wasu masu ciwon dajin ƙwan mace. Bincike ne mai ban sha'awa, amma har yanzu ba su zama gwajin da asibiti ke dogara da shi ba, PSA ne kaɗai ɗan gidan da ya shiga aikin yau da kullum. Abin da ke hannu domin mata shi ne duba mama, da gwajin bakin mahaifa, da allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa da aka fara bai wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Najeriya tun Oktoban 2023, waɗanda da yawansu a azuzuwanmu suke zaune. Kuma akwai wani rabon: matar gida ita ce ke jin sau nawa maigida ya tashi cikin dare. Sau da yawa ita za ta fara lura, kuma maganarta a ɗaki cikin ladabi ta fi jawabi goma irin wannan.

Sai maganar hanya, wadda ba sai an tuna wa mutumin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ba. Tun daren da aka kwashe ɗalibai a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, da watannin da aka katse mana layukan waya a 2021, mun koyi auna kowace tafiya kafin mu yi ta. Wannan ya sa ake ɗage zuwa asibiti daga wannan wata zuwa wancan. Amma lissafin yana da fuska biyu. Gwajin jini tafiya ɗaya ce da rana tsaka, a lokacin da mutum ya zaɓa. Toshewar fitsari kuwa ba ta zaɓen lokaci, takan zo da tsakar dare, lokacin da babu direban da zai yarda ya fita, kuma ba ta jira gari ya waye. Cutar da ta yi nisa tafiye-tafiye ne ba iyaka. Ga mutanen Sabuwa da Faskari, Funtuwa ce mahaɗa, kuma daga can asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kan hanya tun kafin a shiga Zariya. Yana da sashen ciwon daji, kuma yana cikin asibitocin da gwamnatin tarayya ta fara da su a asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta furosteti. Mutanen Ƙanƙara suna da zaɓin asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina, akwai kuma na Malam Aminu Kano a Kano.

Abin da muke gabatarwa ga shugabannin reshe shi ne, su rubuta wa hukumar asusun lafiya na taimakekeniya ta jihar Katsina su nemi bayani a rubuce ko gwajin PSA yana cikin abin da tsarin ya ƙunsa, da kuma asibitocin da ake yin sa, a buga amsar a wannan mujalla. Idan ba ya ciki, reshe ya nemi ɗakin gwaji mai rajista ya yi ciniki a madadin mambobi gaba ɗaya, tun da farashin mutum ɗari ba ɗaya yake da na mutum ɗaya ba. A haɗa ɗiban jinin da ranar da dama za mu taru a hedikwatar ƙaramar hukuma, domin kada a ƙara wa kowa wata tafiya. A fara da masu shekara 50 zuwa sama, da masu 45 da suke so, musamman waɗanda cutar ta taɓa gidansu, a kuma gayyaci iyayenmu da suka yi ritaya. Kafin a ɗebi jinin kowa, likita ya yi bayanin abin da lambar za ta iya jawowa, wanda ya ce bai shirya ba a ƙyale shi. Sakamako kuma ya fito daga hannun likita zuwa hannun mai shi kai tsaye, kada ya bi ta ofishin hedimasta, ko na sakataren ilimi, ko na ƙungiya. Wanda likita ya tura Shika ko Katsina, asusun jin daɗin mambobi ya ɗauki kuɗin motarsa na tafiyar farko, shi da mai rakiya ɗaya.

Mun miƙa wannan ga shugaban taro domin a sa shi cikin abubuwan da za a tattauna bayan an dawo daga hutun rabin lokaci.